Tambayi Gwaggo: Rizga ta shigo kasuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu bibiyar wannan fili. Tun da aka yi ruwan ƙarshe wasiƙunku suka karkata wuri ɗaya, wato rizga. Lokacinta ne. Ranar Asabar na gan ta kashi-kashi a ƙasa a Kasuwar Sabon Gari, ƙasar gona ba ta ko gama bushewa a jikinta ba. Don haka na ajiye tambayoyin alkaki da na dubulan zuwa fitowa ta gaba, na ɗauko biyar da suka shafe ta.

Tambaya ta farko

Gwaggo, barka da aiki. Ni amarya ce, watana huɗu da tarewa. Surukata ta aiko mana da rizga rabin buhu daga Saminaka, ni kuwa ban taɓa ganin an dafa ta a gidanmu ba. Na fere ta da wuƙa kamar dankalin turawa, rabinta ya tafi a ɓawo, sauran ta yi duhu kafin in ɗora, da na sauke kuma ta caɓe. Maigidan bai ce komai ba, amma na ga bai ci da yawa ba. Hajiya za ta zo mana ƙarshen wata. Ki taimake ni.
'Yarki daga Gyallesu

'Yata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa ƙalau, wuƙar ce ba wurinta ba ne. Rizga siririya ce, tsawon yatsa ko ta ɗan fi, ga lanƙwasa ga 'yan rassa, ɓawonta kuma bai fi na albasa kauri ba. Duk wadda ta yi mata feren dankali, abincin take zubarwa a shara.

Dahuwar farko da nake so ki iya ba ta buƙatar fera ko kaɗan. Ki jiƙa ta kamar minti 10 ƙasar ta saki, ki cuɗe ta da hannu a ruwa biyu ko uku har ruwan ya fito garau. Ki zuba a tukunya, ruwa ya ɗan sha kanta kawai, ki barbaɗa gishiri. Daga tafasa ki ba ta minti 15 zuwa 20, sai ki soka tsinke a wadda ta fi kauri. In ya shige ba gardama, ki sauke ki tsiyaye ruwan nan take, kada ki ce bari ta huce a ciki. Abin da ya caɓar da taki ke nan: kin tuɓe mata riga kafin ta shiga ruwa, sannan ta daɗe a cikinsa. Bayan kin tsiyaye, ki mayar da tukunyar kan wuta marar ƙarfi minti biyu, a buɗe, sauran danshin ya fice. Da ta sha iska, ki murza ta da babban yatsa, za ki ga ɓawon yana saluɓewa da kansa.

Mahaɗinta kuwa ba ya wuce garin ƙuli-ƙuli da aka daka da yaji da gishiri, da ɗan man gyaɗa, da yankakkiyar albasa. Kada ki lulluɓe ta da kayan ƙamshi kala biyar. Rizga tana da nata ƙamshin, wani ɗan sanyi-sanyi mai kama da na ganye, wanda dankali ba shi da shi, kuma shi ne masu sonta suke nema. Maigidanki da ya tashi yana cin ta, wannan ƙamshin ya nema a kwanon bai samu ba.

In fate za ki yi, to nan dole a cire ɓawon tana ɗanya, amma kankarewa ake yi. Kaɗan ce, ki yi da bakin cokali. Mai yawa ce, ga dabarar da na koya wurin wata maƙwabciyata 'yar ƙabilar Angas, lokacin da nake koyar da girki a wata makarantar 'yan mata a wajen Pankshin. Takan jiƙa rizgar, ta zuba a buhun algarara da yashi cikin tafin hannu biyu, ta ɗaure bakin, ta durƙusa ta yi ta murza buhun a kan dutse kamar mai wankin bargo. Kafin a jima ta juye a ruwa, sai ka ga rizga fara tas, sai 'yan lunguna da za a bi da cokali. Ranar da na fara gani, na tuna yatsuna da suka yi kwana uku da baƙi saboda kankara ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda kika kankare ki jefa ta cikin ruwa a take. Iska ce take sa ta duhu, kamar yadda yalo yake yi in an yanka an ajiye. Matsa rabin lemun tsami a ruwan yana taimakawa.

Faten mutum huɗu: rizga mudu ɗaya, a karya ta biyu ko uku. Ki soya albasa a manja ludayi ɗaya, ki zuba jajjagen tattasai da attarugu, ki sa daddawa da bandar kifi da kika gyara, ki tsayar da ruwa daidai wanda zai rufe rizgar. In ya tafasa ki zuba ta. Da ta yi laushi ki danne 'yan kaɗan a jikin tukunya da bayan ludayi, su ne za su ba romon kauri, ba sai kin nemi gari ba. Sannan alayyafo, sannan yakuwa a ƙarshe. Na san mu Zazzagawa fate ba yakuwa bai cika fate ba, amma a kula: tsami yana hana irin waɗannan abubuwa nuna da wuri. In kika sa yakuwa tun farko, za ki ƙone itace ko gas a banza rizga tana nan da taurinta. Kanwa kuwa kada ta kusanci tukunyar, tana kashe ƙamshin, ta sa ta yi duhu.

Sai batun rabin buhu. Rizga ba ta da haƙurin ajiya irin na doya. A leda takan yi gumi ta ruɓe cikin 'yan kwanaki, a sarari kuma iskar hunturu ta tsotse ta ta yanƙwane. Ki zazzage buhun yau. Ki ware lafiyayyu waɗanda ba su karye ba, ba su ƙuje ba, kada ki wanke su, ki binne su cikin busasshen yashi a kwando ko tsohon baho, ki ajiye a inuwa. Su ne na zuwan Hajiya. Karyayyun ki dafa a wannan makon, ki aika wa maƙwabta. Kuma in ta zo, ki zauna kusa da ita ki ce ta nuna miki yadda ake yi a gidansu. Wadda ta ɗauko rabin buhu ta aiko tun daga Saminaka, tana da abin faɗi a kanta, kuma za ta ji daɗin a tambaye ta.

Tambaya ta biyu

Gwaggo, gardama ce ta kaure a ɗakinmu. Abokina ɗan Kafanchan ya ce rizga da tumuku abu ɗaya ne, suna ne ya bambanta daga gari zuwa gari. Ni na ce ba haka ba ne. Ki raba mu.
Ɗalibi daga Samaru

Ɗana, kai ne da gaskiya, amma abokinka bai yi nisa da ita ba. 'Yan gida ɗaya ne. Dukansu dangin na'a-na'a da ɗaɗɗoya ne, shi ya sa in ka murza karansu tsakanin yatsu za ka ji yana da kusurwa huɗu, ganyen kuma yana fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna. Tun da ɗalibi ne kai, ga sunayen da za ka tarar a littattafan aikin gona: rizga Plectranthus esculentus, tumuku Solenostemon rotundifolius.

A gona ba a rikita su. Rizga tana miƙewa tsaye har ta kai ƙugun mutum, da gashi-gashi a kara da ganye, furenta rawaya. 'Ya'yanta dogaye ne, a cure a gindi kamar yatsun hannu. Tumuku gajere ne, yana bin ƙasa, ganyensa mai kauri, furensa ƙanana masu ɗan shuɗi, 'ya'yansa kuma dunƙulallu kamar ƙwan zabo ko ƙasa da haka, galibi da baƙin ɓawo. A baki tumuku ya fi gari-gari, rizga ta fi ɗan garas-garas, har ana cin ta ɗanya. A tsaunukan gabashin Zimbabuwe, inda suke kiranta tsenza, haka ake kankare ta a ci a hanya kamar yadda muke cin yalo.

Akwai wani abu game da suna da nake so ku kai ɗakin naku. Mu a kasuwa in an ce dankalin Hausa, dankali mai zaƙi ake nufi. To shi wannan asalinsa nahiyar Amurka ne, haka rogo, haka dankalin turawa da ya fito daga tsaunukan Andes na Peru da Bolibiya. Duk baƙi ne da suka zo suka zauna. Wanda Turawa suka rubuta a littattafansu da sunan dankalin Hausawa, tumuku ne, domin a hannun mutanenmu suka gan shi. Rizga kuma suka laƙaba mata sunan Livingstone, Baturen mishan ɗin nan da ya yi yawo a kudanci da tsakiyar Afirka, alhali mata suna noma ta tun kafin a haifi kakansa. Rizga da tumuku 'yan asalin Afirka ne. Tumuku har ya ƙetare teku, ana noma shi a jihar Kerala ta Indiya da Siri Lanka da Indonesiya, kuma a can ba a raina shi. A arewacin Gana, wajen Bolgatanga, abinci ne sananne. Sunan da muka cire wa ɗan gida muka ba baƙo, wannan yana damuna duk lokacin da na tuna.

Tambaya ta uku

Gwaggo, mahaifinmu yana da ciwon suga. Wani ya ce masa rizga tana maganinsa, yanzu ya ce a riƙa dafa masa kullum, har yana maganar ajiye ƙwayoyin asibiti. Gaskiya ne?
'Yarki daga Ƙofar Doka

'Yata, ki gaishe min da Baba, ki ce masa ina roƙonsa don Allah kada ya ajiye maganinsa ko na kwana ɗaya. Rizga abinci ce. Abinci ce mai kyau, ta fi rogo sinadarin gina jiki, ba ta da ƙaiƙayin gwaza, ba ta da gubar rogo mai ɗaci da sai an jiƙa. Amma mafi yawan abin da ke cikinta sitaci ne, sitaci kuwa suga yake zama a jini, ko daga tuwo ya fito ko daga rizga. In yana sha'awarta, a dafa masa kaɗan a madadin tuwo ko shinkafar wannan lokacin, a cika kwanon da ganye da kifi ko wake. Ranar da zai koma ganin likita ki bi shi, ki faɗa a gabansa abin da aka gaya masa, a auna jininsa a nuna masa lambar da idonsa.

Tambaya ta huɗu

Hajiya, na yi ritaya bara, ina da 'yar gona a hanyar Shika. Ina so in gwada rizga, amma an ce sai ƙasar Jos take yi saboda sanyi. Ina zan sami iri, kuma yaushe ake shukawa?
Mai karatu daga Hanwa

Malam, Allah ya sa albarka a hutun. Gaskiya ne tsaunin Filato ne gidanta a ƙasar nan, tare da tuddan kudancin jihar Kaduna. Jos tana kan tudu na kimanin mita 1,200, Zariya ba ta kai 700 ba, kuma damina ta fi tsawo a can. Amma rizga ba ta da tsananin son sanyi irin na dankalin turawa. Abin da take nema shi ne damina mai tsawo da ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya. Tana ɗaukar wata 6 zuwa 7 kafin a haƙa, daminarmu kuwa daga Mayu ne zuwa farkon Oktoba. Ke nan ba ka da ranar ɓatawa, da ruwa ya zauna ka shuka, kada ka jira ka gama da masara. In ka ga lokaci ya ƙure, tumuku ya fi ta saurin nuna da haƙuri da zafi, ka fara da shi.

Ka zaɓi jigawa mai taki, ka guji fadama da laka. A yi huɗa, kunya mai tudu, a zuba takin gida da ya ruɓe sosai. Ƙananan 'ya'yan ake binnewa, zurfin yatsa, tazarar kamar taku ɗaya. Da ta tasa ta yi ƙarfi, a riƙa tara mata ƙasa a gindi lokacin noma, domin a nan take zuba 'ya'ya. Babban abokin gabanta shi ne tsutsar saiwa, irin wadda ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulu-ƙulu. Inda ka noma tumatir ko kuɓewa bara, kada ka sa rizga bana. In ganye ya yi rawaya ya fara zuba, ta nuna. A haƙa da hankali, daga gefen kunya, don saurin karyewa gare ta.

Iri kuwa, a nan ne wahalar take. Ba za ka same shi a shagon iri cikin fakiti ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fi ƙarfi a dawa da masara da auduga da gyaɗa da wake. Amfanin gona masu saiwa, cibiyarsu tana Umudike a jihar Abiya, da reshe a Kuru kusa da Jos mai aikin dankalin turawa. Ka je Samaru neman shawara kan ƙasa da taki, suna kusa da kai. Amma irin rizga a hannun mata yake, tsofaffin da suke ware na shuka kowace kaka su binne a inuwa har damina ta zagayo. Ka bi hanyar Pambeguwa zuwa Saminaka yanzu da ake haƙa, ka tsaya inda ka ga mata sun kasa ta, ka ce na shuka kake so, ka tambayi yadda suke ajiye nasu. Ka biya su da kyau. Shekarar farko kunya biyar ko shida ta isa, ka ga halin gonarka tukuna.

Tambaya ta biyar

Gwaggo, ni da rizga na tashi, kakata tana gasa mana ita a rushi da sanyin safiya. Na saya na dafa wa yarana, babbar ta ce abincin ƙauye ne, ƙananan suka bi bayanta, suka ce a soya musu dankalin turawa. Abin ya yi min ciwo fiye da yadda na zata.
Uwar yara huɗu, Tudun Wada

Ƙanwata, na karanta wasiƙarki sau biyu, domin ni ma an faɗa min wannan maganar a tsakar gidana, daga bakin jikata. Na san inda take sukar mutum. Kakarki kike gani a cikin kwanon, su kuwa wani abu suke gani mai kama da saiwa.

Kada ki yi musu faɗa. Ba su suka fara ba. Dankalin turawa ya shigo Filato a zamanin mishan da Turawan haƙar kuza, ya sami ƙasar da yake so a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi. Cikin wata uku ya nuna, ana yin sa da damina a kuma yi shi da rani, yana jure buhu da mota har Legas, ga sauƙin fera. Manomin da yake da kuɗin makaranta a gabansa, in ya auna wata uku da wata bakwai, ba sai an gaya masa wanda zai ba gonar ba. Haka rizga ta koma gefen gona, kunya biyu ko uku na uwargida. Mu kuma a birni muka daina tambayarta, yaranmu suka tashi ba su san ta ba sai a tiren talla.

Abin da yake tayar min da hankali shi ne yadda irinta yake. Gero ko dawa za a iya zubawa a tulu a rufe, bayan shekara biyu a shuka ya tsiro. Rizga ba haka ba. Sai an binne ta kowace damina, an haƙo, an ware, an sake binnewa. Maƙwabciyar tawa ta Pankshin tana da iri fiye da ɗaya, ta san wadda ta fi daɗin ci ɗanya da wadda ta fi kyau a tukunya, kuma daga uwarta ta gaje su. Duk shekarar da mace irinta ta ga ba mai saye ta fasa shukawa, in ba wata a ƙauyen da ta riƙe, wannan irin ya tafi ke nan. Shi ya sa ni ba na taya rizga da rowa. In mai ita ta faɗi kuɗi mai ma'ana nakan biya, in ce ta ƙara min gyara, in tambaye ta daga wane gari.

Yaran kuwa, ki bi ta inda suke so. Ki dafa ta rabin dahuwa, minti 10, ki murje ɓawon, ki tsaga ta biyu a tsaye, ki bar ta ta bushe a faranti. Ki soya a man gyaɗa mai zafi har gefen ya yi ja, ki barbaɗa gishiri da yajin ƙuli tun tana da zafi, ki ajiye da soyayyen ƙwai ba tare da dogon bayani ba. Sirantarta ta sa tana yin ƙaras-ƙaras fiye da dankali. Ranar da ba makaranta kuma ki hura gawayi a tsakar gida da sassafe, ki tura 'yan guda goma cikin rushi, ki ba babbar tsinke ki ce ita ce mai juyawa. Minti 15 sun isa. Ki bar su su ɓare da hannunsu suna hurawa, ke kuma ki ba su labarin kakarki, sunan garinsu da yadda take zama bakin murhu. Tawa jikar ta wannan hanyar ta shigo, bana ita ta tuna min cewa rizga ta fito.

Ki rubuto min yadda kuka ƙare. Masu tambayar alkaki da dubulan, ku tanadi alkamarku da tsamiya, da ku za mu fara a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.